Abin da Ke Kashe Motar Sahabi

In ka shiga kasuwar Tanut ta gefen kara, inda ake durƙusar da raƙuma, za ka ga rumfar Sahabi tun kafin ka gan shi. Kantun gishiri ne a jere har sun kai kafaɗar mutum, buhunan kanwa da na dusa a bayansu. Shi kansa ba ya wuyar ganewa. Dogo ne mai faɗin ƙirji, muryarsa kuma ba ta san raɗa ba. In ya gaya maka sirri a rumfarsa, masu sayar da igiya a can ƙarshen layi sun ji. Sahabi Mai Kantu ake ce masa, daga Tanut har Belbeji.

A wani ƙauye kusa da Falanko aka haife shi, shi ne ɗan fari wurin Ila da Mariyama, manoman gero tun kaka da kakanni. Noma bai taɓa shiga ransa ba. Yana riƙe hauya don kada a ce ɗan Ila rago ne, amma idonsa na kan hanya. Da gemu ya fara tsiro masa sai ya bi masu kora dabbobi zuwa kudu, ya sha rana, ya sha ruwan rijiyoyin da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sa baki, ya komo da Fulatanci da Tamajak na ciniki da na zagi. A wannan yawo ne ya gano abin da ke ciyar da shi har yau: makiyayi zai haƙura da shayinsa, amma ba zai haƙura da gishirin dabbarsa ba. Da jaki ya fara, yana bin rijiyoyi, har Allah ya ba shi rumfa.

Abu ɗaya kowa ya sani game da Sahabi, ba ya kewaye-kewaye. In raƙuminka ramamme ne zai gaya maka, ko da mai saye na tsaye. In kanwarsa ta wannan mako ba ta kai ta wancan ba, da bakinsa zai faɗa, ya bar ka ka yanke shawara. Mutane su ji haushinsa da safe, da yamma su dawo rumfarsa shan shayi. Matarsa Zuhaira takan ce ta auri mutumin da bai taɓa yi mata ƙarya ba, kuma akwai ranakun da ta so a ce ya ɗan yi.

Yana da aure da ƴaƴa aka yi rasuwar Ila. Motar kasuwa ce ta kife da su a hanyar komawa gida daga Tanut, an lafta mata buhuna, mutane a saman buhunan. Tun daga ranar Inna Mariyama ba ta ƙara sa ƙafa cikin mota ba. Ba ta yi rantsuwa ba, ba ta yi wa kowa wa'azi ba. In an ce ga mota, sai ta ce a yi gaba tana nan tafe, ta sa a ɗaura mata amalanken jaki. Inda jaki ba ya kaiwa, ita ma ba ta zuwa. Shekaru suka shuɗe, yanar ido ta dinga rufe mata gani sannu a hankali, har ya zama rana da inuwa kawai take bambancewa. Ɗiyarta Safiya, wadda mijinta ya rasu, ta dawo gida tana kula da ita.

Motar da ake zance a kanta ta zo ne daga baya. Sahabi da ƙanensa Abdulgafar, malamin lakkol, wato makarantar boko, a Damagaram, suka haɗa hannu suka sayi kat-kat fara, motar ratsa yashi, ƴar Kwatano, wadda ta sha duniya kafin ta iso su. Wani Bature ya gaji da ita, wani ɗan Damagaram ya ƙara gajiyar da ita, sannan ta zo nan Damargu, ƙasar Tanut, ta huta, in ji masu tsokana. Hutu kuwa ba ta samu ba. Motar gida ce: ita ke kai amarya, ita ke ɗauko mai naƙuda, ita ke zuwa ta'aziyya, ranar kasuwar Tenhiya kuma a kwantar da kujerun baya a cika ta da kantu. Makulli na hannun Sahabi, don shi ne babba, kuma shi ya san yashi. Ya iya tuƙi, wannan ba wanda ya yi masa gardama. Yana jin inda ƙasa za ta riƙe taya tun daga nesa, ya sassauta iskar tayoyin, ya ratsa ya wuce, ya bar masu sababbin motoci suna tono.

Watannin farko lafiya ƙalau. Daga nan motar ta fara nuna hali. Ana tsakiyar rani, sama ko gajimare babu, sai sandunan share gilashi su tashi su yi ta kai da kawowa, su ƙi tsayawa sai an cire kan baturi. Gilashin ƙofa ya sauka ya ƙi hawa. Fitilun gaban direba su kama gaba ɗaya, ja da rawaya, su kuma mutu gaba ɗaya. Wata Juma'a liman na cikin huɗuba, odarta ta saki ƙara ita kaɗai a bakin masallaci, Sahabi ya dinga tsallake sahu da babbar riga har ya je ya fizge waya. Ba a bar shi ya manta da wannan ba. Ƴan kara suka sa mata suna Mai Roƙon Ruwa, saboda share gilashin da take yi babu hadari, Fulani kuma in sun zo sayen kanwa sai su tambaye shi ko ta ce damina ta kusa.

Mai gyaran wutar mota da Sahabi ya yarda da shi Aghali ne, mutumin Agadas da ya daɗe a Tanut, mai sanyin magana, wanda ba ya cire rawani ko da kansa na ƙarƙashin sitiyari. Ya sake baturi. Ya sake fizibil, ƴan ƙananan ƙarafan nan da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, ya sake, ya sake, har Sahabi ya koma yawo da su a aljihu tare da goro. Aka zargi ɓeraye, tunda motar na kwana kusa da buhunan dusa, aka kawo kyanwa, kyanwa ta yi ƙiba, mota ba ta warke ba. Aka zargi wanda ya sayar da ita. Kowane gyara yakan riƙe na ɗan lokaci, sai a wayi gari a murɗa makulli a ji shiru.

Zuhaira ce ta fara lura. Ta ce masa motar nan tana zuwa Tenhiya ta dawo lafiya, tana zuwa Belbeji ta dawo lafiya, amma duk ranar da ya kwana a ƙauye wurin Inna, to kafin ya iso Tanut ko washegari sai ta tayar da rigima. Sahabi ya ce hanyar Falanko ce mai girgiza, ko akuya ka ɗora a kai sai wani abu ya kwance mata. Ya rufe zancen da wannan, don mutum ne mai gaskiya amma ba mai son a riga shi ganin abu ba.

A nan ne kuma dole a faɗi laifinsa. Kafin a sayi mota, Sahabi na hawa ta kasuwa ya je ya gaida mahaifiyarsa, ba ya fashi. Da ya saba da makulli a aljihu sai ta kasuwa ta zama abin kunya. Mota ta mutu, kayan gyara sai an aiko daga Damagaram, shi kuwa sai ya ce in an gyara zai je. Mako ya wuce, wata ya wuce. Bara da damina Inna ta kwanta zazzaɓi, magani ya aika da hannun wani. Da sallar layya ma rago ya je, mai rago bai je ba.

Ana haka sai ga labari cewa likitocin ido za su zo asibitin Tanut su yi ƴan kwanaki suna cire yana, in sun tafi kuma ba wanda ya san ranar dawowarsu. Abdulgafar ya kira Sahabi, Sahabi ya kira Safiya, kowa ya san amsar da zai ji. Jaki ba zai kai tsohuwa Tanut da zafin nan ba, mota kuwa an san zancen. Amma Safiya ta ce da aka gaya wa Inna, bayan la'asar sai ta ce za ta shiga, in dai farar motar gidan ce. Ba ta liman ba, ba ta maigari ba. Wannan, in ji ta, ta san ta.

Murna ta kama Sahabi, tsoro ya biyo baya. In motar nan ta mutu da Inna a ciki a tsakiyar daji, ko ta fara hayaƙi, to an gama. Ba za ta sake shiga wata ba har ta koma ga Allah, kuma a makance za ta koma. Ya bar rumfa a hannun maƙwabci, ya kai motar garajin Aghali, ya ce wannan karon ba sauya fizibil yake so ba, a kwance ta har sai an ga abin da ke cin ta. Ya jawo tsohuwar taya ya zauna, ya ce ba inda za shi.

Aghali ya cire murfin gaban direba, ya bi wayoyi da yatsa har can ƙarƙashin gilashin gaba, inda wani akwatin wuta yake a lungu, wanda ba a cika buɗewa ba. Ya zaro hannunsa baƙi ƙirin. Wani abu mai danƙo ya lulluɓe akwatin, yashi ya manne masa, bakin wayoyin duk sun yi kore. Ya ce wannan ba mai ba ne, ba laka ba ce. Ruwa ne ke shigowa ta ƴan ramukan nan da ke tsakanin gilashi da murfin inji, magudanar da ya kamata ta fitar da shi ƙasa ta toshe, sai ya taru ya zubo kan wuta. Abin da bai gane ba shi ne wane irin ruwa ne baƙi mai danƙo, kuma daga ina yake zuwa a ƙasar da rabonta da ruwan sama tun kafin kaka.

Sahabi ya lakato da yatsa, ya murza, ya kai hanci. Duk wanda ya taɓa wanke allo yana yaro ba ya manta wannan ƙamshi na gawayi da ƙaro. Tawada ce.

Nan take ya kira Safiya. Ta yi dariya, ta ce ita ta ɗauka ya sani. Duk ranar da ya zo ya kwana, Inna kan aika wurin malam a yi mata rubutun tsarin hanya, a wanke a kawo mata a ƙoƙo. Da asuba, in maza sun tafi masallaci, sai ta bi bango ta fita, ta shafa motar har yatsunta su sami ramukan, ta ɗura a hankali har ya ƙare. Ta ce rubutu sha ake yi, ba a zubar da shi ƙasa, kuma tunda Allah ya yi wa motar baki ai sai a ba ta. Shi ya sa ta ce ta san ta. Da hannunta ta shayar da ita.

Baƙo zai ce me ya hana ta miƙa wa ɗanta ƙoƙon ya sha. Sahabi ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tambayarsa a gaban mutane ko ya ci abinci ba. Kakarsa ce ta goya shi, ita ta yi masa wasa, ita ta share masa hawaye. Haka aka tarar, haka aka bi, kuma ba wanda ya ce rashin so ne. To macen da kunya ba za ta bar ta ta ce wa ɗanta ya kula da hanya ba, ga hanya ta riga ta cinye mata miji, dole ta nemi inda za ta zuba abin da ke ranta. Ta samu ramuka a gaban mota.

Sahabi ya kashe waya, ya koma kan tayar nan ya zauna. Tausayin mahaifiyarsa ya cika masa ciki, da kunyar kansa.

Aghali ya wanke akwatin, ya kankare bakin wayoyi, ya zura ƙarfe ya buɗe magudanar. Ya ce yanzu in an zuba ruwa, yawancinsa ƙasa zai bi, ko da yake ba zai rantse ba, don akwatin ya riga ya ji jiki. Shawararsa ita ce Sahabi ya ja bakinsa ya yi shiru, ya bar tsohuwa ta yi abinta. Zuhaira ma da ta ji, ta ce in akwai ranar da ya kamata ya koyi ƙarya to ga ta ta zo. Ko ya ajiye motar can ƙofar maigari inda Inna ba za ta kai ba. Sahabi ya juya zancen ta kowane gefe. Motar da ba ta shayar ba, Inna ba za ta shiga ba. In kuma ya bar ta ta ɗura, sunan Allah zai tsiyaye ƙasa inda awaki ke kwana, yana sane, kuma kunnen da ke gane takun kowane jika a tsakar gida ba zai kasa jin ɗigar ruwa a kan yashi ba. In ya faɗa mata gaskiya, zai iya rushe abu ɗaya tilo da ya sa ta yarda. Ya ce wa Zuhaira shi dai bai iya wata hanya ba, zai faɗa, sauran kuma na Allah ne.

Ana gobe likitoci za su fara aiki ya kama hanya. Motar ta yi tafiya kamar ba ita ba, ko fitila ɗaya ba ta ƙifta ba. Ya isa da yamma, ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya yi gaisuwa, Inna ta amsa fuskarta na gefe, ta tambayi Safiya ko mutanen Tanut suna lafiya, Safiya ta tambaye shi, ya amsa. Ya ga ƙullin kayanta a ɗaure a kan gado. Ya kuma ga ƙoƙo a rufe da faifai a gindin bango, ya fi na kullum girma, in ji Safiya, saboda tafiyar gobe ba irin sauran ba ce.

Da asuba ya bi jam'i. Liman na sallamewa ya miƙe, bai tsaya addu'a ba, ya yi sauri ya komo. Gari ya fara haske. Ya same ta ta riga ta iso gaban motar, hannu ɗaya riƙe da ƙoƙo, ɗayan yana bin gindin gilashi yana neman ramukan.

"Inna, ki dakata," ya ce. Ya yi ƙoƙarin rage murya, ba ta ragu sosai ba.

Ta tsaya cak. Ta ja mayafi ta rufe ƙoƙon, kamar wadda aka kama da abin da ba nata ba.

"Ruwan nan da kike ba ta, ba ciki yake tahiya ba," ya ce. "Mota ba ta da ciki. Kan wayoyin wuta yake zuba. Shi ke kashe ta."

Ba ta yi gardama ba. Ta san ɗan da ta haifa, ta san ba ya faɗin abin da bai gani ba. Ta ɗauke hannunta daga jikin motar. Can ta yi tambaya, fuskarta na kallon wajen da zakara ke cara, ko bara da damina, da ta kwanta aka ce mota ta mutu, ruwan nan ne ya kashe ta. Ya ce shi ne. Ta ce da sallar layya fa. Ya ce shi ne, amma rashin zuwa nasa ne, don motar kasuwa ba ta daina tafiya ba. Wannan ba ta ji shi ba, ko ta ji ta ajiye.

"Ni ina yi don a tahi lahiya a komo da wuri," ta ce. "Ashe ni ke hana zuwa."

Ta juya ta nufi gida, tana laluben bango. Ta kira Safiya, wadda ke tsaye a bakin zaure, ta ce a kwance ƙullin nan, ba inda za ta. Hannun da ya lalata mota ba shi da abin yi a cikinta, kuma ido ai ta ga abin da za ta gani a duniya.

Sahabi ya sha gabanta ya durƙusa a kan yashi, har gwiwarta ta taɓa kafaɗarsa. Ya sa hannu biyu ya kama bakin ƙoƙon ta ƙarƙashin mayafin, bai ja ba.

"Malam bai rubuta shi don ƙarfe ba, Inna," ya ce. "Don mai tahiya ya rubuta. Ga mai tahiyar nan."

Mutane sun fara fitowa daga masallaci, ana jin takalmansu da tarinsu. Duk wanda ya karyo kwanar nan zai ga Mariyamar Ila tsaye a kan ɗanta na fari da ƙoƙo a hannu, abin da ba ta yi ba ko yana cikin zane. Ta san da haka. Ba ta sakar masa ƙoƙon ba. Ta laluba da hagu ta sami goshinsa, ta dafa, ta yi bisimilla, ta kai masa baki da kanta.

Ya sha. Ɗaci-ɗaci ne, ga gawayi na kama haƙori, ga shi da yawa, an yi shi ne don cikin kat-kat. Ya ci gaba da sha, hawaye na zubo masa, bai damu da wanda ya gani ba. Saura kaɗan ya shanye sai ya ji ta janye ƙoƙon. Ta girgiza shi kusa da kunnenta, ta ji abin da ya rage a gindi. Ta ɗaga ta shanye da kanta, ta goge baki da gefen mayafi, ta miƙa wa Safiya ƙoƙon.

"Ɗauko ƙullin," ta ce. "Ina ƙofar abin nan take?"